Zanen furannin dajin Amurka: aikin Mary Vaux Walcott da waɗanda suka gabace ta

Zanen tsirrai na ilimi sana'a ce ta zana tsiro yadda wanda bai taɓa ganinsa ba zai iya gane shi a daji, ya kuma bambanta shi da danginsa masu kama da shi. Ya sha bamban da zanen fure na ado da ake ratayawa a bango. A nan, idan furen yana da fallaye biyar, biyar za a zana, ko da shida za su fi kyau a ido. A nahiyar Amurka an shafe sama da shekara 400 ana wannan aiki, kuma littafin da ya fi suna a fannin furannin daji shi ne na Mary Vaux Walcott, wanda ya fara fitowa a 1925 da zane 400.

Abin da ake nema a zane

Masana tsirrai suna da wata hanya ta ajiye shaida tun da daɗewa: a ciro tsiro, a matse shi tsakanin takardu har ya bushe, a manna shi a kan kwali, a rubuta inda aka samo shi da ranar. Irin wannan busasshen tsiro yana iya kai shekara ɗari biyu ko fiye. Sai dai bushewa tana cinye launi, shuɗi da ja duk su koma ruwan ƙasa, furen da yake kamar ƙararrawa kuma ya baje kamar ganyen da aka taka. Abin da bushewa ta tafi da shi, shi mai zane yake mayarwa.

Hoton kyamara ma bai kashe sana'ar ba, kuma dalilin a fili yake. Kyamara tana ɗaukar tsiro guda a rana guda, da ganyen da fara ta ci, da inuwar da ta rufe rabinsa, da ciyawar da ke bayansa. Mai zane kuwa yana duba tsirrai da yawa na iri ɗaya, ya fitar da kamannin da suka haɗa su. Yana iya sa toho da buɗaɗɗen fure da ƴaƴa da iri a shafi ɗaya, alhali a daji watanni ne ke raba su. Yana tsaga furen biyu ya nuna cikinsa, ya ƙara girman zaren da ke ɗauke da bununi, irin garin nan da manomi ya sani a kan gero, domin sau da yawa a can ne bambancin iri da iri yake ɓoye. A gefe kuma sai ya sa ma'auni, don a san ainihin girman abin.

Nauyin wannan shaida ya kai har cikin dokar raɗa wa tsirrai suna ta duniya. Dokar ta yarda cewa sunan da aka buga kafin 1 ga Janairu 1908 yana nan daram ko babu bayani a rubuce, muddin akwai zanen da ya nuna sassan tsiron dalla-dalla.

Akwai misalin da mutanen Yamai suka sani ido da ido. Ciyawar ruwan nan mai shuɗin fure da ake kira jacinthe d'eau, wadda takan rufe sassan kogin Neja ta hana masunta da masu kwalekwale sakat, asalinta furen daji ce ta Kudancin Amurka. Bajamushe Carl von Martius, wanda ya zagaya Brazil daga 1817 zuwa 1820, shi ya bayyana ta ga masana, da zanenta, a littafin da ya buga bayan komawarsa gida.

Littattafan farko

Mafi tsufa cikin littattafan zanen tsirran nahiyar da suka tsira ƴan ƙasa ne suka yi shi. A 1552, a makarantar Tlatelolco ta Meziko, wani mai magani ɗan ƙabilar Aztek mai suna Martín de la Cruz ya tsara littafin magungunan gargajiya da zane masu launi kusan 185, Juan Badiano kuma ya mayar da shi harshen Latin. Littafin ya daɗe a ɗakin karatu na Vatican kafin a mayar wa Meziko da shi a 1990.

A arewa kuwa Faransawa ne suka fara. Jacques Cornut, likita ne a Paris, ya buga littafi kan tsirran Kanada a 1635 ba tare da ya taɓa taka Kanada ba. Tsirran da aka zana masa a lambunan Paris suka tsiro, daga iri da saiwoyin da matafiya suka kawo. A cikinsa ne aka fara buga zanen wani tsiro mai yaɗo, mai ganye uku-uku, wanda taɓa shi kawai ke sa fata ta yi ƙaiƙayi da bororo. Wanda zai shiga dajin Amurka ya fi bukatar sanin wannan kafin kowane kyakkyawan fure.

Mark Catesby, mutumin Ingila, shi ya je da ƙafarsa. Ya zauna a Virginia daga 1712 zuwa 1719, ya sake komawa Carolina a 1722, ya leƙa tsibiran Bahamas, sannan ya dawo Landan a 1726. Kuɗin biyan masu sassaƙa faranti ya gagare shi, sai ya koyi aikin da kansa: a shafe farantin jan ƙarfe da kaki, a karce zanen da allura, a zuba asid ya ci wuraren da aka karce, a sa tawada a buga. Littafinsa ya ɗauke shi kusan shekara ashirin, ya ƙare da faranti 220, galibi tsuntsu ko wata dabba tare da tsiron da take rayuwa a kai. Zanensa a baje yake, babu inuwa sosai, amma yakan zana tsiro tun yana ɗanye. Carl Linnaeus, wanda ya kafa tsarin sunaye biyu-biyu na tsirrai a 1753, ya dogara da farantan Catesby wajen raɗa wa tsirran Amurka da dama suna. Asalin zanen nasa Sarki George na Uku ya saye su a 1768, suna fadar Windsor har yau.

Labarin da ya fi nuna amfanin wannan aiki shi ne na John Bartram na Filadelfiya da ɗansa William. A 1765 suka ci karo da wani ƙaramin itace a bakin kogin Altamaha, a Georgia, wanda ba su taɓa gani ba. William ya koma wurin bayan wasu shekaru, ya same shi da furensa fari mai ƙamshi da rawaya a tsakiya, ya zana shi, ya ɗebo iri ya shuka a lambunsu. Aka raɗa masa suna Franklinia don girmama Benjamin Franklin, abokin mahaifinsa. Ganin ƙarshe da aka tabbatar an yi wa itacen a daji shi ne na 1803. An yi ta nema tun daga lokacin, shiru. Duk wani Franklinia da ke raye a lambunan duniya yau daga irin da aka ɗebo a wancan zamani ya fito, kuma abin da aka sani game da zamansa a daji bai wuce rubutu da zanen mutane ƙalilan irin su William ba.

Gwamnatin Faransa ta tura André Michaux Amurka a 1785 ya nemo itatuwa masu amfani, ya yi shekara goma sha ɗaya yana yawo. Ya rasu a Madagaska, littafinsa ya fito a Paris a 1803 da zanen Pierre-Joseph Redouté, mutumin da daga baya ya yi suna da zanen furen wardi. Shi ma Redouté bai je Amurka ba. Da abin da aka kawo masa ya yi aiki. Tsirran yammacin ƙasar kuwa, waɗanda ayarin Lewis da Clark ya tattaro tsakanin 1804 da 1806, hannun wani Bajamushe mai suna Frederick Pursh suka faɗa, ya tafi da wasu Landan ya buga a can. Ɗaya daga cikinsu, wanda ƙabilun yankin suka daɗe suna cin saiwarsa, ya ba masana mamaki: busasshiyar saiwar da aka ajiye ta sake tsiro da aka binne ta. Shi ya sa sunansa na Latin, Lewisia rediviva, yake nufin wanda ya farfaɗo.

Daga teburin masana zuwa hannun jama'a

A tsakiyar ƙarni na 19 aikin ya rabu gida biyu. Akwai zanen masana, wanda Isaac Sprague ya zama gwaninsa a littattafan Asa Gray na jami'ar Harvard: layi ne siriri, baƙi a kan fari, furen a tsage, kowane sashe da lambarsa. Wanda ba masani ba zai buɗe ya rufe, amma har yau babu abin da ya fi shi saurin raba gardama a kan sunan tsiro.

Ɗaya gidan na masu sha'awa ne, kuma a nan mata suka yi fice. Agnes FitzGibbon ta Toronto mijinta ya rasu a 1865 ya bar ta da ƴaƴa. Ta koya wa kanta ɗab'in dutse, inda ake zane da alli mai maiƙo a kan shafaffen dutse, a jiƙa shi, tawada ta kama wurin maiƙon kaɗai. Ta zana faranti goma na furannin Kanada, yayar mahaifiyarta, marubuciya Catharine Parr Traill, ta rubuta bayanin. An buga kwafi 500 a 1868, kuma Agnes da ƴaƴanta mata ne suka shafa wa kowane shafi launi da hannu, shafi 5,000 ke nan.

A 1893 Frances Theodora Parsons, wadda a lokacin take rubutu da sunan mijinta William Starr Dana, ta fitar da littafin da za a iya riƙewa a tafi da shi daji, da zanen alƙalami na Marion Satterlee. Dabararta ita ce jera furanni bisa launinsu, domin launi ne mai yawo yake fara gani. Littafin ya samu kasuwa ƙwarai. A daidai wannan zamani mutanen birni suka riƙa fita suna tsinke furanni dami-dami, har wasu iri suka fara wuya a kewayen manyan garuruwa, abin da ya sa aka kafa ƙungiyar kare furannin daji a 1902, da Elizabeth Britton ta lambun tsirrai na New York a gaba-gaba.

Mary Vaux Walcott

An haifi Mary Vaux a Filadelfiya a 1860, a gidan masu hali na ɗarikar Kirista ta Quaker. Tana shekara takwas aka ba ta akwatin fentin ruwa. Mahaifiyarta ta rasu a 1880, riƙon gida da kula da uba da ƙanne biyu maza ya dawo kanta, maganar ci gaba da karatu ta tsaya a nan.

A 1887 iyalin suka hau sabon jirgin ƙasan da ya ratsa Kanada zuwa tsaunukan yamma. Can suka ga ƙanƙarar Illecillewaet, wato ƙanƙarar da ta taru a kan tsauni tana gangarowa a hankali kamar kogi. Da suka koma bayan wasu shekaru suka tarar ta ja da baya, sai Mary da ƙannenta suka shiga auna ta da ɗaukar hotonta daga wuri ɗaya shekara bayan shekara. Masu binciken sauyin yanayi suna amfani da waɗannan bayanai har yanzu. A 1900 ta hau tsaunin Stephen, mai tsayin kusan mita 3,200, kuma ita ce mace ta farko da aka rubuta ta kai ƙololuwarsa. Akwai wani tsauni a yankin da ke ɗauke da sunanta.

Zanen fure a wajenta abin hutu ne, har ranar da wani masanin tsirrai ya roƙe ta ta zana masa wani furen arnika da ba a cika gani ba. Yadda zanen ya fito ya sa ta mayar da hankali ga aikin baki ɗaya. A 1914 ta auri Charles Doolittle Walcott, shugaban cibiyar Smithsonian ta Washington, ba da son mahaifinta ba. Charles masanin duwatsu ne, shi ya gano shahararren wurin nan na burbushin halittun teku na dā, Burgess Shale, a 1909. Kowace bazarar can sukan tafi tsaunukan Kanada wata uku zuwa huɗu da ayarin dawaki, shi yana fasa dutse, ita tana zane. Bisa lissafinta, cikin shekara goma sun yi tafiyar da ta haura kilomita 8,000 a kan hanyoyin tsauni.

Wahalar aikin tana cikin lokaci. Furen tsauni kwanakinsa kaɗan ne, wanda aka tsinka kuma yakan yi yaushi cikin sa'o'i, alhali zane ɗaya yana cin sa'o'i masu yawa. Wanda ya kuskure makon da wani iri ke fure, sai baɗi, idan ma ayarin ya sake bi ta wurin. Ta bayyana cewa a kan tsauni sau da yawa sai an hura wuta ta gasa yatsunta da sanyi ya sandarar kafin ta iya riƙe buroshi. Cikin tanti kuma farin kyallen yakan watsa haske ta ko'ina, inuwa ta ɓace, siffar furen ta ƙi fitowa, sai ta yi dabarar tare hasken. Akwatin fenti da takardu a bayan sirdi suke tafiya. Takan kama siffa da launi a wurin, ta ƙarasa sauran a Washington.

Duk zanenta da fentin ruwa ne, a kan farar takarda ba tare da komai a baya ba, kuma daidai girman tsiron a daji. Ƙarfinta yana wajen launi da tsayuwar tsiro: yadda kara ke lanƙwasa, yadda fure ke sunkuyar da kai ko ya fuskanci sama. Rauninta a idon masana shi ne ba ta tsaga fure ta nuna cikinsa, sau da yawa kuma babu saiwa babu iri. Wanda ke son tabbatar da sabon iri zai koma ga irin aikin Sprague. Wanda ke tsaye a daji da fure a gabansa yana son sanin sunansa kuwa, shafin Walcott zai fi yi masa amfani, domin abin da idonsa ke gani shi ne a takardar.

Yadda aka buga littafin

Zana 400 aiki ne, fitar da su a maɗaba'a ba tare da launin ya lalace ba wani aikin ne daban. Fentin ruwa yana da sirara-siraran launuka da ɗab'in wancan zamani yakan dusashe ko ya yi musu kauri. Maɗaba'ar William Edwin Rudge ta New York ce ta ɗauki nauyin, da wata hanyar buga launi bayan launi a kan takarda mai inganci wadda aka riƙa kira da sunan Smithsonian. Littafin, mai suna North American Wild Flowers, wato furannin dajin Arewacin Amurka, ya fito a juzu'i biyar, kowanne da zane 80 a warware cikin akwati, kowane zane da shafin bayaninsa: sunan tsiron, inda yake fitowa, da inda aka samo wanda aka zana. Juzu'in farko ya fito a 1925, aka kammala kafin 1930. Charles bai ga ƙarshensa ba, ya rasu a 1927. Kuɗin da aka samu cibiyar Smithsonian aka ba. Daga nan aka riƙa kwatanta ta da Audubon, wanda ya yi wa tsuntsayen Amurka irin wannan hidima shekara ɗari kafin ita.

Littafi ne mai tsada, na ɗakunan karatu da masu kuɗi. Sai a 1953 aka sake buga zanen a juzu'i guda mai sauƙin kuɗi, da bayanin masani H. W. Rickett da ƙarin zane daga Dorothy Falcon Platt, ya shiga gidajen talakawa.

Tsiron da ke cin ƙwari

Aikinta na biyu, na 1935, zane 15 ne kacal, galibi a kan dangin tsiro guda, Sarracenia. Sunan daga Michel Sarrazin ya fito, likitan Faransa a Quebec wanda ya aika da tsiron Paris wajen ƙarshen ƙarni na 17. Yana fitowa a fadamun gabashin Amurka inda ƙasa ba ta da abincin shuka. Ganyensa ya naɗe ya zama kamar tulu ko ƙaho, bakinsa da zaƙi da santsi. Ƙwaro ya sauka shan zaƙin, ya zame ya faɗa ciki, gashin da ke kallon ƙasa ya hana shi hawowa, ya narke a ruwan da ke gindin tulun, tsiron ya tsotse. Matse irin wannan ganye a takarda yana rusa tulun gaba ɗaya, don haka zane ya fi kowace hanya nuna shi. An yashe yawancin fadamun nan don noma da gine-gine, kuma wasu daga cikin dangin suna jerin tsirran da dokar Amurka ke karewa saboda sun kusa ƙarewa.

Bayan rasuwar mijinta Walcott ta yi aiki a hukumar gwamnati mai duba lamuran ƙabilun asali na Amurka daga 1927 zuwa 1932, inda ta zagaya yankunansu. A 1933 aka zaɓe ta shugabar ƙungiyar mata masana labarin ƙasa. Ta rasu a 1940 a New Brunswick ta Kanada, tana da shekara 80.

Halin da ake ciki yau

Idan masani ya gano sabon tsiro zai buga a mujallar ilimi, har yanzu yakan nemi mai zane ya yi masa shafin alƙalami da tawada. Babban aikin tattara duk tsirran Amurka da Kanada, Flora of North America, wanda juzu'ansa na farko suka fito a 1993 kuma aka tsara zai kai 30, da zanen layi yake tafiya. A sashen tsirrai na Smithsonian, Alice Tangerini ta fara wannan aiki a 1972. Galibi da busassun tsirrai take yi: a jiƙa furen ya yi laushi, a buɗe shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a auna, a zana. Daga baya ta haɗa da allon zane na kwamfuta. A Pittsburgh cibiyar Hunt tana tara irin waɗannan zane daga ko'ina a duniya, kuma masu sana'ar a Amurka sun kafa ƙungiyarsu a 1994.

Asalin zanen Walcott, kusan 800, suna gidan adana zane-zanen Amurka na Smithsonian a Washington, kuma an ɗora da yawa a shafinsa na intanet. Littattafan Catesby, Michaux da Pursh ma an ɗauki hotonsu shafi-shafi, ana buɗe su kyauta a rumbun Biodiversity Heritage Library da wayar hannu.